Waiwaye: Yadda ɓacewar wani ɗan kifi a 1972 ta sauya kiwon duniya

Duk lokacin da aka taso da muhawarar kiwo da ɗumamar yanayi, sai jama'a su rabu gida biyu: masu cewa a rage cin nama, da masu ganin ana neman ɗora wa makiyayi jakar tsaba. Alƙaluman ma ba su tsaya wuri guda ba. A 2006 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kiwo ne ke fitar da kashi 18 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, a 2013 ta sauko zuwa 14.5. Ko wanne aka ɗauka, lamarin ba jiya ya faro ba.

Kimanin shekaru 10,000 ke nan da ɗan Adam ya fara kiwon awaki, tumaki da shanu. A mafi yawan wannan lokaci dabba tana cin abin da mutum ba ya ci, ciyawa da kara da dusa, ta biya gona da taki. A 1882 jirgin ruwa mai sanyi ya kai naman tumaki daga Niyuzilan zuwa Landan, daga 1913 kuma aka fara sarrafa takin zamani na naitirojin daga iska a masana'anta. Waɗannan an sha ba da labarinsu.

Wanda ba a cika ambata ba shi ne abin da ya faru a gaɓar tekun Peru. Akwai wani ɗan kifi da bai wuce tsawon tafin hannu ba, ana kama shi a busar, a niƙa, a tura garinsa ƙasashen duniya don a haɗa abincin kaji da aladu. A 1970 an kama sama da tan miliyan 12. Sai ga 1972, ruwan ɗumi na El Nino, wato ɗumamar saman tekun da kan auku lokaci-lokaci, ya danne ruwan sanyin da ke taso wa kifin da abinci daga ƙarƙashin teku, ga shi dama an yi masa kamun wuce gona da iri. Raga ta riƙa dawowa fayau.

Masu gidajen kaji suka koma kan waken suya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. A 1973 Amurka, wadda a lokacin ke kan gaba wajen noma shi, ta taƙaita fitar da shi na ɗan lokaci. Takunkumin bai daɗe ba, amma masu saye irin su Japan sun ji a jikinsu, suka shiga neman wata kafa. Ido ya koma kan Serado, makekiyar sabana a tsakiyar Burazil da ake ganin ba ta nomuwa saboda tsamin ƙasarta. Aka zuba mata garin farar ƙasa, aka samar da irin waken da ke jure yanayin zafi. Yau kusan rabin dajin asali na Serado ya tafi ga gonaki da makiyaya, Burazil kuma ta zarce kowa a noman waken suya. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waken da duniya ke nomawa dabbobi ne ke cinye shi.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Gaskiya ne gyatsar shanu da tumaki na fitar da metan mai yawa, iskar da ke ɗumama duniya, kuma share daji don makiyayar shanu ne ya fi cin dajin Amazon na Kudancin Amurka. Sai dai abin da ya ba nama damar tashi daga tan miliyan 71 a 1961 zuwa sama da miliyan 300 a yanzu shi ne raba dabba da ƙasar da ke ciyar da ita. Kaza tana cikin keji a wata nahiya, abincinta yana tsirowa a wata. Gonar da ta ba da waken ana yi mata ciko da takin buhu, kashin kajin kuwa yana taruwa tsibi-tsibi inda babu isassun gonakin da za su shanye shi, ruwan sama ya wanke shi zuwa rafuka.

Ƙasar Sin kaɗai tana shigo da waken suya kusan tan miliyan 100 a shekara, akasarinsa daga Burazil. Jiragen suna isowa shaƙe da wake, amma babu wanda ke komawa da taki.