Mundial: kalmar da ta hana magoya bayan Palmeiras sakat

Tun gasar Kofin Duniya ta Ƙungiyoyi da aka buga a Amurka cikin Yuni da Yulin 2025, wadda Botafogo ta doke PSG da ci ɗaya mai ban haushi, Flamengo ta lallasa Chelsea 3 da 1, Fluminense kuma ta yi waje da Inter Milan da Al Hilal, kalmar Mundial ta shiga bakin masu sharhin wasanni da 'yan gidan kallo. Sai ka ji mai gabatar da shiri ya ce ƙungiyar Palmeiras ta Brazil ba ta da Mundial, in ka tsare shi da tambaya ya koma yana maka lissafin kofunan duniya biyar da ƙasar Brazil ta ɗauka. Wani kuma ya dage cewa gasar 2025 ce ta farko, don haka babu ƙungiyar Brazil da ta taɓa zama zakarar duniya.

Tushen kuskuren farko a bayyane yake. A Sifaniya da Ajantina, Mundial shi ne kofin duniya na ƙasashe. Mutumin Brazil kuwa Copa yake kiran wannan. In ya ce Mundial a tsakiyar musun ƙwallo, kambun zakaran duniya na ƙungiyoyi yake nufi. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ke da wuya shi ne gasa nawa ke ƙarƙashin sunan, domin ba ɗaya ba ce, kuma kowane mai goyon baya yana ƙirga wadda ta yi masa daɗi.

Daga 1960 zuwa 2004 akwai kofin Intercontinental, karawa tsakanin zakaran Turai da zakaran Copa Libertadores ta Kudancin Amurka. Da farko gida da waje ake yi, daga baya aka mayar da shi wasa ɗaya a Japan da kuɗin kamfanin Toyota. Nan Santos ta Pelé ta ci Benfica a 1962 da Milan a 1963, Flamengo ta Zico ta zuba wa Liverpool 3 da nema a 1981, Grêmio ta doke Hamburg a 1983, São Paulo ta ci Barcelona a 1992 ta maimaita a kan Milan a 1993. Ba FIFA ce ta shirya shi ba, hukumomin ƙwallon nahiyoyin biyu ne. Sai a Oktoban 2017 majalisar FIFA ta amince cewa duk wanda ya ci wannan kofi zakaran duniya ne. Gasar FIFA ta kanta ta ba Brazil wasu huɗu: Corinthians a 2000 da 2012, São Paulo a 2005, Internacional a 2006. Ƙungiyoyi shida ke nan, kofi goma.

Babu Palmeiras a cikinsu, kuma a nan zancen yake yin tsami.

Palmeiras ƙungiya ce da ta fi kowa yawan kambun gasar ƙasar Brazil, ta kuma ci Libertadores a 1999 da 2020 da 2021. Amma duk lokacin da ta miƙa hannu ga kofin duniya sai ya kuɓuce. A 1999 a Tokyo, mai tsaron gidanta Marcos ya fito tarar ƙwallon da Giggs ya kwaso daga gefe, ta wuce shi, Roy Keane ya tura ta raga, Manchester United ta tafi da kofi. A Fabrairun 2021 Tigres ta Meziko ta tsayar da ita a wasan kusa da na ƙarshe da fenaritin Gignac, Al Ahly ta Masar kuma ta hana ta ko matsayi na uku. Shekara guda bayan haka a Abu Dhabi, Havertz ya ci ta da fenariti a ƙarin lokaci, Chelsea ta yi nasara 2 da 1. A 2025 Chelsea ɗin dai ta sake fitar da ita da irin wannan sakamako, duk da ƙwallon da Estêvão ya ci, yaron da Chelsea ta riga ta saya. Shi ya sa magoya bayan Corinthians da São Paulo da Santos suke da jimla guda da ba ta tsufa: "Palmeiras não tem Mundial", wato Palmeiras ba ta da kofin duniya. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Amsar 'yan Palmeiras ita ce 1951. Shekara guda bayan Uruguay ta karya zuciyar Brazil a filin wasa na Maracanã a kofin duniya na 1950, hukumar wasanni ta ƙasar, CBD, ta shirya gasar Copa Rio da ƙungiyoyi takwas: Vasco da Gama da Palmeiras daga gida, Nacional daga Uruguay, sai Juventus, Sporting ta Lisbon, Nice, Austria Wien da Red Star ta Belgrade. Rukuni ɗaya a Maracanã ta Rio, ɗaya a Pacaembu ta São Paulo. A rukuni Juventus ta wanke Palmeiras da ci 4 da nema. Palmeiras ta farfaɗo, ta fitar da Vasco, ta sake haɗuwa da Juventus a wasan ƙarshe na karawa biyu: 1 da nema a na farko, 2 da 2 a na biyu ranar 22 ga Yuli, gaban mutum sama da dubu ɗari. A wancan lokaci ba 'yan Palmeiras kaɗai suka yi murna ba, ƙasar ce ta ɗauke ta a matsayin share hawayen 1950.

Gasa ce ta gaske, mai nauyi, kuma duk wanda ya kira ta wasan sada zumunta bai yi adalci ba. Sai dai a duba yadda aka shiga cikinta. Gayyata ce. Babu Kofin Zakarun Turai sai 1955, babu Libertadores sai 1960, ita kanta Brazil ba ta da gasar ƙasa sai 1959, don haka Palmeiras da Vasco sun shiga ne a matsayin zakarun jihohinsu. Zakarar Italiya a wannan shekara Milan ce, ba ta zo ba, aka kawo Juventus. Babu ƙungiyar Ingila, babu ta Sifaniya, babu ta Ajantina. A ganina wanda ya ci irin wannan gasa ya ci babban kofi na ƙasa da ƙasa, amma bai ture wani zakara daga kan kujerarsa ba, domin kujerun ma ba a kafa su ba tukuna.

FIFA ce ta dagula lissafin da bakinta biyu. A 2007 ta aika wa Palmeiras takardar amincewa, kafin shekarar ta ƙare ta ce Corinthians ta 2000 ce zakara ta farko. A 2014, bayan ministan wasanni Aldo Rebelo, wanda shi ma ɗan Palmeiras ne, ya bi kadin maganar, ta ce Copa Rio ita ce gasar ƙungiyoyi ta farko mai faɗin duniya. A lura da lafazin: ta yabi gasar, ba ta naɗa zakaran duniya ba. Da ta fitar da hukuncin 2017, daga 1960 ta fara ƙirga. Palmeiras dai ba ta jira kowa ba, ta ɗora jan tauraro a saman tambarinta. Fluminense, wadda ta ci Copa Rio ta 1952 a kan Corinthians, ita ma tana riƙe da irin wannan da'awa, sai dai ba a cika tsokanarta ba.

Amma kada 'yan Corinthians su yi dariya da yawa. A Janairun 2000 sun shiga gasar FIFA ta farko ne don Brazil ce mai masaukin baƙi, su kuma zakarun ƙasar, ba su taɓa cin Libertadores ba sai 2012. Palmeiras da ke riƙe da Libertadores a lokacin ba ta samu gurbi ba, Vasco da ta ci Libertadores a 1998 aka ba. Vasco ta doke Manchester United 3 da 1, ta je wasan ƙarshe a Maracanã, aka tashi babu ci, Edmundo ya zubar da fenaritin ƙarshe. A Nuwamban wannan shekara kuma Boca Juniors ta ci Real Madrid 2 da 1 a Tokyo. Shekara ɗaya, zakarun duniya biyu, duka da hatimin FIFA, kamar fili ɗaya mai takarda biyu.

Shi ma tsohon kofin Intercontinental yana da ramukansa. Atlético Madrid ta ci na 1974 ba tare da ta zama zakarar Turai ba, don Bayern Munich ta ƙi zuwa. Kuma duniyar da ake magana a kai nahiya biyu ce kawai, ba Afirka, ba Asiya. Da aka buɗe ƙofa, TP Mazembe ta Kongo ta fitar da Internacional 2 da nema a 2010, Raja Casablanca ta yi wa Atlético Mineiro ta Ronaldinho 3 da 1 a 2013.

Yanzu abin ya ƙara rabuwa biyu. Tun 2024 FIFA ta dawo da sunan Intercontinental ga gasar zakarun nahiyoyi ta kowace shekara, wadda zakaran Turai ke jira a wasan ƙarshe cikin Disamba. Botafogo ta je ta farkon a Katar kwanaki kaɗan bayan kammala kakar Brazil, Pachuca ta ci ta 3 da nema, Real Madrid ta ɗauki kofin. Gasar Kofin Duniya ta Ƙungiyoyi mai ƙungiyoyi 32 kuwa duk shekara huɗu ce, kuma Chelsea ce ta ci ta 2025 bayan ta doke PSG 3 da nema. Saboda haka mai sharhin da zai ce wata ƙungiyar Brazil tana da Mundial, ya faɗi shekarar da sunan kofin tare: Flamengo, Intercontinental, 1981, Corinthians, gasar FIFA, 2012, Palmeiras, Copa Rio, 1951, sannan ya ƙara da cewa FIFA ba ta sa wannan na ƙarshe a jerin zakarunta ba.