Rubuta adireshin ƙasar waje a jikin kaya: tambayoyi da amsoshi

Uwa ce za ta aika wa ɗanta ɗalibi a Ingila kayan sallah, ko tela ne zai tura wa wanda ya ba shi ɗinki manyan riguna a Amurka, hankalin kowa yakan tafi kan nauyin kwali da kuɗin aike. Adireshi shi ne ake bari sai ƙarshe, a rubuta shi a tsaye a kan kanta, ana kwafowa daga waya cikin gaggawa. Alhali waɗannan 'yan layuka biyar ko shida su kaɗai ne za su yi wa kayan jagora bayan sun bar hannun mai su.

Me zai hana in rubuta kamar yadda muka saba a gida?

A wurinmu kwatance ne ke kai saƙo: unguwa kaza, bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure, a tambayi Baban Halifa. Yana aiki domin mai kai saƙon zai tsaya ya yi sallama ya tambaya, kuma za a samu yaron da zai raka shi har ƙofa. A London ko Berlin babu wanda zai tambayi kowa. Kafin ma kayan su zo hannun mutum, na'ura ce ke karanta adireshin ta ware shi, kuma an koya mata ta nemi kowane bayani a wani gurbi na musamman. In ta duba gurbin lambar yanki, wato lambar da gidan waya ke ba kowane yanki (postcode), ta tarar da sunan titi, sai ta ture kwalin gefe ya jira ma'aikaci. Daga nan jinkiri ke farawa, wani lokaci kuma a mayar da kayan inda suka fito bayan makonni, kuɗin aike ya tafi a banza.

Saboda haka ƙa'idar farko ita ce, tsarin ƙasar da kayan za su sauka ake bi. Hanya mafi sauƙi kuwa, mai karɓa ya turo adireshinsa a rubuce, layi-layi, kamar yadda yake a jikin takardar banki ko ta wutar lantarki da ake kawo masa gida. Kada a yarda da adireshin da aka faɗa a saƙon murya.

Babu wani tsari da duk duniya ta yarda da shi?

Akwai, amma kaɗan ne. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a 1874 kuma hedikwatarta ke birnin Bern na Suwizalan, ita ce ke haɗa gidajen wayar ƙasashe. Abin da ta tsayar shi ne a rubuta adireshi da haruffan boko da lambobin da muka sani, sunan ƙasar da za a kai kuma ya zo a layin ƙarshe, shi kaɗai, da manyan baƙaƙe, cikin harshen da ma'aikatan ƙasar da ake aikawa za su gane. Daga Kano ko Kumasi sai a rubuta GERMANY ko UNITED KINGDOM. Daga Maraɗi ko Damagaram, ALLEMAGNE ko ROYAUME-UNI ya wadatar, tunda Faransanci ne harshen hukuma na ƙungiyar. Kada a rubuta Jamus ko Ingila a wannan layin, kuma kada a taƙaita shi.

Layin ƙarshen nan na ma'aikacin wannan gefen ne, da shi zai san buhun da zai jefa kayan. Duk abin da ke samansa na ma'aikacin can ne. Suna a sama, sai gida da titi, sai gari da lambar yanki. A cikin waɗannan ne ƙasashe suka rarrabu.

Yaya na Ingila, Amurka da Kanada yake?

Bari mu yi misali da adiresoshin da kowa ya sani. Gidan firaministan Birtaniya:

10 Downing Street
LONDON
SW1A 2AA
UNITED KINGDOM

Lambar gida kafin sunan titi, gari da manyan baƙaƙe, lambar yanki a layinta ita kaɗai, da ɗan fili a tsakiyarta. Lambar yankin Birtaniya ta matse sosai, sau da yawa gidaje ƙalilan ne a titi ɗaya ke tarayya a kanta, don haka harafi ɗaya da aka kuskure zai iya kai kaya wata unguwa daban. In mutum a bene yake mai ɗakuna da yawa, lambar ɗakinsa ce ke fara zuwa, kafin lambar ginin.

Fadar shugaban Amurka kuwa:

1600 Pennsylvania Avenue NW
Washington, DC 20500
UNITED STATES OF AMERICA

A nan gari da jiha da lambar ZIP, wato lambar yankin Amurka, duk a layi ɗaya suke, a jere. Jiha da haruffa biyu ake rubuta ta: TX ga Texas, MD ga Maryland, NY ga New York. Kada a raina ta. Akwai Portland a jihar Oregon, akwai wata a jihar Maine, tsakaninsu faɗin ƙasar ne gaba ɗaya. Haruffan NW ɗin nan ma ba ado ba ne, suna nuna sashen birni, kuma akwai biranen da titi ɗaya ke da lambar gida iri ɗaya a sassa biyu. Lambar ZIP alƙaluma biyar ce, an shigo da ita a 1963, sannan a 1983 aka ƙara wasu huɗu a bayanta waɗanda ba dole ba ne. Abin da mutanenmu suka fi faɗawa shi ne zubar da sifirin farko. Lambobin Boston da na Newark da sifiri suke farawa. In aka yar da shi, saura alƙaluma huɗu, na'ura ba za ta gane ba. Sai kuma lambar ɗaki, wadda ake sa wa alamar Apt ko Unit a ƙarshen layin titi. Gini ɗaya zai iya ɗaukar iyalai ɗari, mai kai saƙo ba zai bi ƙofa-ƙofa ba.

Kanada kusan haka take, sai dai lambarta harafi da lamba ne a sarƙe, guda shida, kamar K1A 0B1, lardi kuma da haruffa biyu, ON ko AB. A tuna akwai birni mai suna London a lardin Ontario.

An ce a Jamus da Faransa juyawa ake yi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, a yawancin ƙasashen nahiyar Turai lambar yanki ce ke gaba, sunan gari na biye. Majalisar dokokin Jamus:

Platz der Republik 1
11011 Berlin
GERMANY

Ka ga a nan har lambar gida ta koma bayan sunan titi. Haka Italiya, Sifen da Holan suke yi. Faransa ta raba ƙafa: lambar gida a gaba, amma lambar yanki kafin gari, kamar 55 rue du Faubourg Saint-Honoré, sannan 75008 PARIS. Alƙaluma biyun farko suna nuna gunduma, 75 ta Faris ce.

Jamus tana da wani abu da ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana cin kayan ɗalibai da sababbin zuwa. A gidajen haya da yawa ɗakuna ba su da lamba. Mai kai saƙo sunan da ke manne a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙa yake dubawa. In ɗanka a ɗakin wani yake zaune, sunansa ba ya jikin ƙararrawa, to kayan za su koma ko da titi da lamba daidai suke. Maganin shi ne a rubuta sunansa a layin farko, a layi na biyu a sa c/o, wato ta hannun wane, sannan sunan mai ɗakin. A kula kuma Frankfurt biyu ce, ta bakin kogin Main da ta bakin kogin Oder.

Saudiyya da Dubai fa, inda muka fi yawan 'yan uwa da abokan ciniki?

Saudiyya ta daɗe da fito da abin da take kira adireshin ƙasa. Kowane gini yana da lamba mai alƙaluma huɗu, sai sunan titi, sunan unguwa, gari, lambar yanki mai alƙaluma biyar, da ƙarin wata lamba mai huɗu. Akwai kuma gajeren adireshi na haruffa huɗu da lambobi huɗu da ke tattare wannan duka. Mai zama a Makka, Madina ko Jidda ya turo cikakken, a haɗa da gajeren. Kwatancen "kusa da Harami" ba ya kai kaya.

Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ba ta da lambar yanki sam. Wasiƙun gidan waya akwati ake kai su, kamfanonin jigila kuma sunan gini, lambar ɗaki, unguwa da lambar waya suke bi. A Dubai gine-gine na da lambar Makani mai alƙaluma goma, sa ta na taimakawa. In fom ɗin intanet ya nace sai an cike gurbin lambar yanki, abin da aka saba shi ne a zuba sifirai biyar. Ƙatar da Hong Kong su ma ba su da irin wannan lamba.

In an turo min adireshi da rubutun Sin ko Larabci, in fassara shi?

A'a. Sunan titi ba a fassara shi, ba a gyara masa rubutu don ya yi daɗin karantawa. Abin da ya fi shi ne a buga adireshin kashi biyu: ɗaya da haruffan boko, ɗaya da rubutun ƙasar kamar yadda aka turo, a manna su tare. Da rubutun Sin daga babba ake farawa zuwa ƙarami, lardi, birni, gunduma, titi, sannan mutum, lambar yanki kuma alƙaluma shida ce. 'Yan kasuwar da ke mayar da samfur Guangzhou sun san mai kai kaya a can ya fi saurin karanta nasu rubutun. Kada a yi ƙoƙarin kwaikwayonsa da biro, a buga hoton a inji. Sunan birni da na ƙasa dai dole su fito da boko.

Wane suna zan sa, wanda muke kiransa da shi?

Wanda ke jikin fasfo ko katin zamansa. In ba a same shi a gida ba, za a ajiye kayan a shago ko ofishi, kuma sai ya nuna shaida kafin a miƙa masa. Idan kwali ya ce Hajiya Babba ko Maman Ummi, kati kuma ya ce wani abu daban, ma'aikaci yana da hujjar hanawa. Haka bambancin rubutu: Muhammad, Mohammed da Mahamadou a wurinmu suna ɗaya ne, a wurin mai duba kati uku ne. A tambayi yadda yake a takarda. Laƙabin girmamawa irin su Alhaji da Malam a bar su, don kada a ɗauke su a matsayin sunan farko.

Lambar waya dole ce?

A ganina kada kaya su tafi babu ita, ko da fom bai tilasta ba. Ita ce kwastan da mai kai kaya za su nema in wani abu ya shige musu duhu, kuma ta nan ake sanar da mutum in akwai harajin da zai biya. A sa lambar ƙasa a cire sifirin farko: +44 Birtaniya, +49 Jamus, +966 Saudiyya, +971 Daular Larabawa, +1 Amurka da Kanada. Ta mai karɓa ake nufi, wadda ke aiki a can. A rubuta ta a gurbinta ko can ƙasa, nesa da lambar yanki, don kada na'ura ta haɗa su.

Wani abin lura: kamfanoni irin su DHL da FedEx galibi ba sa kai kaya akwatin gidan waya, adireshin gida ko ofis suke so. In akwati kaɗai mutum yake da shi, kamar yadda aka saba da BP, wato akwatin gidan waya, a ƙasashe masu Faransanci, to a bi ta gidan waya.

Nawa adireshin fa, a ina zai zauna?

A kusurwar hagu ta sama, da ƙananan rubutu, na mai karɓa kuma a tsakiya da manya, don kada a rikita su kayan su dawo maka tun ba su bar gari ba. Ka sa taka lambar yankin: na Najeriya alƙaluma shida ne, na Kano da 700 suke farawa, na Kaduna da 800, na Abuja da 900. Sunan ƙasa a cika shi sarai. Ma'aikatan waje suna yawan rikita NIGER da NIGERIA, don haka mai aikawa daga Yamai ya rubuta RÉPUBLIQUE DU NIGER. Irin wannan rikicin na faruwa tsakanin Austria da Australia, da kuma Kongo biyu.

Da hannu zan rubuta ko in buga?

Bugawa ta fi. In da hannu ne, manyan baƙaƙe rarrabe, da baƙar maka wadda ruwa ba ya wanke ta. A bambanta 1 da 7, 0 da O, 5 da S, musamman a lambobin Birtaniya da Kanada inda haruffa da lambobi ke cakuɗe. A rufe takardar da farin salatef, kada ta hau kan gaɓar da za a yanka in kwastan za su buɗe. In tsohon kwali ne, a ɓamɓare duk wata tsohuwar takarda da zanen layukan da na'ura ke karantawa. Sannan a jefa kwafin adireshin biyu a cikin kwalin, saboda in na waje ya yage.

Adireshin da ke fom ɗin kwastan, CN22 na ƙananan kaya ko CN23 na masu tsada, ya zama daidai da na jikin kwali harafi da harafi. A wurin bayanin kaya a faɗi abin da ke ciki dalla-dalla, riguna uku na auduga, hula biyu, da kuɗinsu. Kilishi da dambun nama kuwa, Amurka, Birtaniya da Tarayyar Turai duk sun hana shigo da nama ta wannan hanya, kyawun adireshi ba zai cece su ba.

Na riga na aika sai na ga kuskure. Akwai dabara?

A gaggauta komawa inda aka aika da rasit a hannu. Lambar bibiyar kayan gidan waya guda 13 ce: haruffa biyu, lambobi tara, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan suka fito, NG ga Najeriya, NE ga Nijar, GH ga Gana. In kayan ba su tashi ba, ana iya sauya takardar. In sun tashi, kamfanonin jigila sukan karɓi gyara, wani lokaci da ƙarin kuɗi, amma ta gidan waya abin ya fi wuya. A tura wa mai karɓa lambar nan take, ya riƙa dubawa, da zarar kayan sun sauka ƙasarsa ya tuntuɓi masu rabawa da kansa kafin wa'adin ajiya ya cika a juyo da su.