Skyway: jirgin igiya na wuraren shaƙatawar Disney

Skyway jirgin igiya ne da ya yi shekara 38 yana ɗaukar baƙi ta sama a Disneyland, wurin shaƙatawar da ke garin Anaheim a jihar Kalifoniya ta Amurka. An buɗe shi ran 23 ga Yuni 1956, wajen shekara guda bayan buɗe wurin, aka rufe shi ran 9 ga Nuwamba 1994. Kamfanin Disney ya kafa irinsa a wasu wuraren shaƙatawarsa, wato Magic Kingdom da ke jihar Fulorida da kuma Tokyo Disneyland a Japan, su ma an rufe su kafin shekarar 2000. Duk da shekarun da suka shuɗe, yana cikin abubuwan hawa da tsofaffin maziyarta suka fi kewa.

Asali da yadda yake aiki

Kamfanin Von Roll na birnin Ban a ƙasar Suwizalan ne ya ƙera shi. Samfurin, wanda ake kira VR 101, ba don wasa aka fara yin sa ba. An soma amfani da shi a 1945 a garin Flims na Suwizalan, don kai masu wasan zamiya a kan ƙanƙara bisa duwatsu. Na Disneyland shi ne na farko irinsa a Amurka.

Igiyar ƙarfe ce guda, an haɗa bakinta biyu, tana zagayawa ba tsayawa a kan manyan turaku. Injin da ke jan ta yana tasha ɗaya, a ɗaya tashar kuma akwai nauyi da ke rataye don igiyar ta zauna a miƙe. Kowane bokitin fasinja yana da maƙama da ke damƙe igiyar. Idan ya iso tasha sai maƙamar ta saki, ya hau kan dogon ƙarfe, ma'aikaci ya tare shi da hannu, ya buɗe ƙofa mutane su sauka, wani ya tura shi gaba a ɗauki sababbi. Aiki ne na ƙarfi, daga safe har dare, kuma yana cin ma'aikata da yawa. Wannan na cikin abin da ya zama sanadin ajalinsa daga baya.

Bokitan farko zagayayyu ne, masu ɗaukar mutum biyu. A 1965 aka sauya su da masu kusurwa huɗu da ke ɗaukar mutum huɗu, waɗanda Bob Gurr, ɗaya daga cikin masu zanen abubuwan hawa na Disney, ya tsara. Suna da rufi amma ba gilashi, iska na kaɗa mutum ta ko'ina.

Hanyarsa

Skyway ya haɗa unguwanni biyu na Disneyland, wato Fantasyland da Tomorrowland. Tashar Fantasyland tana kan tudu cikin itatuwa, an gina ta da fasalin gidan katako na mutanen tsaunukan Suwizalan. Da farko babban turken tsakiya yana tsaye a fili kan wani tudun ƙasa. A 1959 aka gina dutsen Matterhorn na kwaikwayo a wannan wuri, mai tsayin kimanin mita 45, aka bar ƙofofi a jikinsa. Daga nan bokitan suka riƙa ratsawa ta cikin dutsen. Mutum yana tafe a sarari cikin rana, sai ya shiga inuwar kogo, ya ji ihun waɗanda ke gangarowa a guje cikin kekunan Matterhorn, sannan ya fito ta ɗaya gefen ya ga tafkin jiragen ƙarƙashin ruwa a ƙasansa. Wannan ɗan lokaci na cikin dutse shi ne mafi yawan masu tunawa da Skyway ke fara ambata.

Rufewa

Ba dalili guda ne ya kashe shi ba. An samu tsagewa a ƙarafan da ke riƙe da igiyar a cikin Matterhorn, gyaran kuwa ba zai yiwu ba sai an fasa wani sashe na dutsen. Dokar kare haƙƙin naƙasassu da Amurka ta kafa a 1990 ta ƙara matsa lamba, domin sai an hau matakala ake isa tashoshin, kuma mai keken guragu ba ya iya shiga bokitin. Ga tsadar ma'aikata, a daidai lokacin da ake shirin buɗe sabon abin hawa mai suna Indiana Jones Adventure a 1995. Akwai kuma rashin ɗa'ar wasu matasa masu tofa yawu ko jefo abubuwa kan jama'a. A watan Afrilu 1994 wani mutum ya faɗo daga bokiti cikin wata bishiya, ya kai ƙara, daga baya ya amsa cewa da kansa ya fito. Mutane da yawa na danganta rufewar da wannan, amma maganar gyara da kuɗi ta fi nauyi.

Bayan rufewa aka cire igiya da turaku, aka toshe ƙofofin jikin dutsen. Tashar Fantasyland kuwa an bar ta a tsaye fiye da shekara 20, itatuwa sun kusan rufe ta, masu son tarihin wurin na leƙen ta suna ɗaukar hoto. A 2016 aka rushe ta lokacin aikin gina sashen Star Wars.

Na Tokyo ya yi aiki daga 1983 zuwa 1998. Na Magic Kingdom, wanda aka buɗe tare da wurin ran 1 ga Oktoba 1971, an rufe shi a Nuwamba 1999, shekarar da wani ma'aikacin shara ya rasu bayan ya faɗo daga jikinsa.

Sauran wuraren shaƙatawa na Amurka ma sun riƙa cire nasu. Haɗurra biyu sun girgiza masu wannan sana'a: a 1978 mutum uku sun mutu da bokiti ya faɗo a wurin shaƙatawa na Six Flags da ke kusa da birnin St. Louis, a 1979 kuma mutum ɗaya ya mutu a bikin baje kolin jihar Tekzas a Dalas. A 1996 kamfanin Doppelmayr na Ostiriya ya saye sashen Von Roll mai ƙera jiragen igiya.

Abin da ake kewa

Skyway ba ya gudu, ba ya firgita kowa, ba ya ba da wani labari. A nan darajarsa take. Kaka da jika da mai juna biyu duk suna iya hawa tare, abin da ba ya yiwuwa a yawancin manyan lilunan da aka gina bayansa. Yaron da bai taɓa shiga jirgin sama ba, a nan ya fara ganin duniya daga bisa, ga mutane sun zama ƙanana, ga kiɗan sassa daban-daban yana tasowa yana cakuɗuwa. Iyaye kuma suna samun 'yan mintoci su huta da cunkoso da tafiyar ƙafa.

Akwai wani abin kuma. An tsara Disneyland ne don a kalle shi daga ƙasa, inda komai yake a gyare. Skyway yana nuna rufin gine-gine da bayansu, ya bar mutum ya gane cewa hannun mutane ne ya yi wannan wuri. Wasu na ganin hakan aibi ne. A gaskiya yana ƙara wa mai kallo sanin girman aikin da aka yi, kuma babu abin hawa da ya maye gurbinsa ta wannan fuska. Dalilan rufe shi na gaske ne, amma asarar ita ma ta gaske ce.

Disney ya san da wannan kewa. A gyaran da aka yi wa Matterhorn a 2015 an ajiye fasassun bokitan Skyway a cikin kogon, a matsayin kayan da dodon wasan da ke cikin dutsen ya tara. Ran 29 ga Satumba 2019 kuma aka buɗe sabon jirgin igiya mai suna Disney Skyliner a Fulorida, ƙirar Doppelmayr, mai ɗakuna rufaffu da ke ɗaukar har mutum 10. Sai dai shi abin sufuri ne tsakanin otal-otal da wuraren shaƙatawa na Epcot da Hollywood Studios, ba ya bi ta tsakiyar wurin wasa kamar na da.

Waɗanda suka rage

Har yanzu akwai jiragen Von Roll da suka tsira, kamar na Cedar Point a jihar Ohayo, da Skyfari na gidan namun daji na San Diyego, da na Busch Gardens a Williamsburg, da na filin baje kolin jihar Minesota. Adadinsu dai raguwa yake yi. A ƙarshen 2024 Six Flags Great Adventure da ke jihar Niyu Jazi ya sanar da cire nasa, wanda asalinsa daga bikin baje kolin duniya na birnin Niyu Yok na 1964 aka kawo shi.