Ma'anar "iska mai ɗumama yanayi" da haɗinta da fadamar shinkafa

Kalmar "iska mai ɗumama yanayi" ta kama bakin 'yan jarida da malaman gona a 'yan shekarun nan, har ta kai da wuya a yi maganar ambaliya ko fari a rediyo ba a ambace ta ba. Wasu masu fassara kan ce "hayaƙi mai gurɓata muhalli", kuma a ganina wannan fassara ce ta fi rikita mutane, domin da zarar an ce hayaƙi, abin da ke faɗo wa mai sauraro a rai shi ne baƙin hayaƙin tirela a hanyar Illela ko na gidan burodi da asuba. Saboda haka idan aka gaya wa manomin Wurno ko na Kwalkwalawa cewa gonarsa ta shinkafa, wadda take kore shar kuma cike da ruwa, tana fitar da irin wannan iska, sai ya ga kamar ana yi masa ba'a ne. Alhali abin da ake magana a kai ba ya ganuwa da ido, ba ya sa tari, kuma ruwan da ke kwance a gonar shi ne tushensa.

Duk wanda ya taɓa barin mota a rufe cikin ranar Sakkwato ta watan Afrilu ya san rabin bayanin. Hasken rana yana ratsa gilashi ya shiga, kujeru su ɗauki zafi, amma zafin ba ya samun hanyar fita da sauƙi, shi ya sa sitiyari ba ya taɓuwa idan aka dawo. Turawa sun aro sunan wannan iska ne daga ɗakin gilashin da suke renon tsirrai a cikinsa lokacin sanyi. Akwai wasu nau'o'in iska a sararin samaniya da ke barin hasken rana ya sauko, sannan su riƙe wani kaso na zafin da ƙasa ke mayarwa sama. Wannan rahama ce a asalinta, domin ba don su ba, da matsakaicin yanayin duniya ya tsaya a wajajen digiri 18 ƙasa da sifili maimakon digiri 15 da yake kai. Matsalar ta taso ne daga yawansu: iskar kabon dayoksaid, wadda ke fita daga ƙona fetur da gawayi da itace, ta tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau.

Wadda ta shafi shinkafa ita ce ake kira metan. Ita ce mafi yawan abin da ke cikin iskar gas da ake haƙowa a yankin Neja Delta, kuma ita ce ake matsewa a sa wa motoci da sunan CNG. Ba ta da launi, ba ta da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji a taɓon fadama na wata iska ce dabam. Metan ba ta daɗewa a sama, domin cikin kimanin shekara 12 ta ruguje, amma kafin ta ruguje aikinta mai tsanani ne. A lissafin kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, kilo ɗaya nata yana riƙe zafi kusan ninki 80 na kabon dayoksaid idan aka auna a tsawon shekara 20, ko kusan ninki 27 zuwa 30 idan aka auna a tsawon shekara 100.

Yadda gona ke haifar da ita abu ne da manomi zai iya gani da idonsa idan ya lura. Ƙasar da take a bushe ko da ɗan laima tana numfashi, wato iskar da muke shaƙa tana shiga tsakanin ɓarɓashinta, ƙananan halittun da ke ruɓar da ganye da saiwa su yi aikinsu da ita. Idan aka kwantar da ruwa a kan ƙasar kwanaki a jere, sai wannan iska ta ƙare a cikin taɓon, waɗancan halittu su ja baya, wasu dabam da ba sa rayuwa sai inda babu iska su karɓi aikin. Su ne ke cin ragowar karan shinkafa da ɗanyen taki da abin da saiwa ke zubarwa, su fitar da metan. Wanda ya tuɓe takalmi ya shiga fangalin da ya yi makonni cike da ruwa zai ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa daga inda ƙafarsa ta lume, suna fashewa a saman ruwan. Akwai metan a cikinsu. Sai dai wannan kaɗan ce daga cikin wadda ke fita. Mafi yawanta ta cikin shukar kanta take bi, domin Allah ya yi wa shinkafa wasu 'yan ƙananan hanyoyi a cikin karanta da saiwarta waɗanda ke kai wa saiwar iska a ƙarƙashin ruwa, kuma ta waɗannan hanyoyi ne metan ke haurowa ta fice. Baiwar da ta sa shinkafa ke rayuwa inda gero zai ruɓe, ita ce ta mayar da ita bututu.

A rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021, noman shinkafa ne ke da kimanin kashi 8 cikin ɗari na metan da ayyukan ɗan Adam ke fitarwa, yayin da kiwon dabbobi ke da wajen kashi 32. A shekarar ce kuma, a taron yanayi na birnin Gilasgo, ƙasashe sama da ɗari, har da Nijeriya, suka yi alkawarin rage metan da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: kusan kashi 90 cikin ɗari na shinkafar duniya a nahiyar Asiya ake noma ta, kuma abin da dukan fadamomin Rima ke fitarwa bai kai ya kawo ba idan aka kwatanta shi da na Sin ko Indiya. Wanda ya zo ya ɗora wa manomin Goronyo laifin ɗumamar duniya bai yi masa adalci ba, musamman da yake shi ne ke kwana da fargabar ambaliya irin ta 2010, wadda ta shanye gonaki da ƙauyuka a gaɓar kogin Rima, har ta yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Gonakin ma ba ɗaya suke ba. Shinkafar tudu, wadda ba ta ganin ruwa sai na sama, kusan ba ta fitar da metan. Ta kwari da ruwan damina ke rufewa wata biyu ko uku tana fitarwa sosai, kuma babu abin da mai ita zai iya yi, tunda ba shi ke da iko da ruwan ba. Ta noman rani kuwa kashi biyu ce: akwai wadda ke shan ruwan magudana daga madatsar Goronyo, akwai wadda ake jawo mata ruwa da inji daga rijiyoyin da suka yaɗu tun zamanin shirin Fadama. A kan ta ranin ne maganar ragewa take da ma'ana, domin ita ce manomi ke buɗe wa ruwa ya rufe da hannunsa.

Dabarar da aka fi sani ita ce jiƙawa da busarwa bi da bi, wadda Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke Filifin ta yayata. Kayan aikinta guntun bututun roba ne mai tsawon santimita 30, wanda ake huda rabinsa na ƙasa da ƙananan ramuka, a kafa shi cikin fangali har santimita 15 su nutse, a kwashe taɓon da ke ciki. Bayan dashe ya kama, sai a daina ƙara ruwa, a riƙa leƙa bututun kullum da safe. Saman gona zai bushe, wataƙila har ya fara tsagewa, amma muddin ana ganin ruwa a cikin bututun, saiwa tana sha. Sai ruwan ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan a sake ban ruwa har ya hau kamar santimita 5. Duk lokacin da ƙasar ta sha iska, halittun da ke yin metan sai su tsaya, kuma sukan ɗauki kwanaki kafin su farfaɗo. Gwaje-gwaje sun nuna dabarar tana rage ruwan da ake kashewa har zuwa kashi 30 cikin ɗari, tana rage metan da kusan rabi, ba tare da amfanin gona ya ragu ba idan an bi ƙa'ida. Babbar ƙa'idar ita ce kada a bar gona ta bushe a lokacin da shinkafa ke fitar da kai tana fure, domin ƙishirwar wannan mako ita ke kawo holoƙo. Akwai kuma tarko guda: ƙasar da ke jiƙewa tana bushewa, idan aka cika mata takin yuriya, tana fitar da wata iska mai suna naitiros oksaid, wadda ƙarfinta ya kai ninki 273 na kabon dayoksaid. Ciyawa ma takan samu sarari inda ruwa ya janye, kuma gonar da ba a daidaita shimfiɗarta ba, wani gefen zai ƙone yayin da wani ke cikin ruwa.

To, idan dabarar tana rage ruwa, wato tana rage kuɗin man injin ban ruwa, me ya sa ba ta cika fadama ba? A nan ne kalma ta biyu ke shigowa, wato tangal-tangal ɗin farashi, kuma bai kamata a gwama ta da hauhawar farashi ba. Hauhawa ita ce kaya su riƙa tashi gaba ɗaya shekara bayan shekara. Tangal-tangal kuwa shi ne farashin abu guda ya yi sama ya dawo ƙasa cikin ɗan lokaci ba tare da an iya hasashen inda zai tsaya ba. Wani ɓangarensa tsohon abu ne da kowa ya saba da shi: da kaka shanshera takan faɗi a Acida da Illela saboda kowa ya kawo, sannan ta tashi idan rumbuna suka fara haske. Wannan manomi ya iya lissafinsa tun kaka da kakanni. Wanda ya fi ƙarfinsa shi ne wanda ke zuwa daga ofis ko daga wata nahiya. A watan Nuwamba na 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoma lamuni na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, mutane suka tsunduma noman shinkafa. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, shinkafar gida ta yi daraja, sannan aka buɗe su a Disambar 2020. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ya tayar da kuɗin taki. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, daga baya ta wuce 1,000. A Yulin 2023 Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa sayar da shinkafa a waje, ta hana fitar da wani babban nau'inta, juyin mulkin Nijar kuma ya sa aka rufe iyakar Illela. Sai ga shi a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da janye haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci da ake shigowa da su, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, kuma a 2025 farashin shanshera ya sauko yayin da taki ya ƙi saukowa.

Irin da aka fi nomawa a rani, FARO 44, yana ɗaukar kusan wata huɗu. Wato mutum yana cin bashin taki da mai a Janairu bisa farashin da ya gani a Disamba, ya sayar a Mayu bisa farashin da ba wanda ya sani. Mai irin wannan hali ba ya wasa da abin da ya tabbatar, kuma abin da ya tabbatar shi ne shinkafa 'yar ruwa ce. Ganin ƙasa ta tsage a ƙarƙashin shukar da ya ci bashi a kanta ba ƙaramin tashin hankali ba ne, ko da malamin gona ya rantse masa cewa saiwa tana sha. A ɗaya hannun kuma, tsadar mai ta tilasta wa masu injin fetur yin wani abu mai kama da jiƙawa da busarwa ba tare da sun san sunansa ba, domin wanda ke tayar da inji kullum ya koma bayan kwana uku ko huɗu. Bambancin shi ne aljihu ke yanke masa lokacin ban ruwa, ba bututu ba, kuma aljihu bai san makon fure ba.

Masu shan ruwan magudana lissafinsu dabam ne, tunda ba da awo suke sayen ruwa ba, kuma wanda ba ya da tabbacin ranar da layi zai sake zagayowa kansa zai cika fangalinsa maƙil duk lokacin da ya samu. Haka ma injin sola da ke yaɗuwa yanzu: ya raba manomi da fetur da hayaƙinsa, wanda alheri ne, amma da yake rana ba ta karɓar kuɗi, babu abin da ke hana mai shi barin ruwa yana kwarara daga hantsi zuwa la'asar. Gonar da ta koma sola za ta iya fitar da metan fiye da yadda take yi a lokacin da ake auna mata fetur da galan, sai fa idan mai ita ya kafa bututun nan a gefen fangali yana leƙawa.