Tayirod da Alaƙarsa da Lafiyar Zuciya

Tayirod wani ɗan ƙululu ne mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya. Idan ya kumbura, shi ne abin da Hausawa suke kira maƙoƙo. Yana amfani da sinadarin aidin da ake samu a abinci wajen haɗa sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda suke daidaita saurin da jiki yake ƙona abinci ya samar da ƙarfi da ɗumi. Wani ƙululu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne yake ba shi umarni ta hanyar sinadarin TSH, shi ya sa likitoci suke fara auna TSH a jini idan suna zargin matsala.

Zuciya tana cikin gaɓoɓin da suka fi saurin jin canjin waɗannan sinadarai. Idan tayirod ya yi aiki fiye da kima, kamar a cutar Graves, wadda likitan Ayalan Robert Graves ya bayyana a 1835, bugun zuciya yakan haura 100 a minti ɗaya ko da mutum yana hutawa, alhali na babban mutum mai lafiya yana tsakanin 60 da 100. Mai cutar yakan rame duk da yawan ci, ya riƙa gumi da rawar hannu da faɗuwar gaba. Abin da ya fi haɗari shi ne rikicewar bugun ɗakunan sama na zuciya, musamman ga tsofaffi, domin jini yakan daskare a ciki, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Abin takaici ne yadda ake danganta irin wannan faɗuwar gaba ga damuwa ko iskoki, a shafe watanni ana neman magani a wani waje, alhali gwajin jini ɗaya zai iya nuna tushen ciwon.

Idan kuwa aikin tayirod ya yi rauni, kamar a cutar Hashimoto da aka bayyana a 1912, komai yakan yi sanyi: bugun zuciya ya ragu, jiki ya yi nauyi, ga kasala da jin sanyi da taurin bayan gida. Hanta takan gaza tace kitsen kolestarol mai cutarwa daga jini, sai ya taru ya ƙuntata jijiyoyi, hawan jini kuma ya biyo baya. Masu ciwon sukari nau'i na 1 sun fi saurin kamuwa da cututtukan tayirod, kuma yawan aikinsa yana wahalar da daidaita sukari.

Ƙarancin aidin shi ne daɗaɗɗen sanadin maƙoƙo a garuruwan da suke nesa da teku. Babban mutum yana buƙatar maikurogiram 150 a rana, mai juna biyu kuma 250. Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishiri a 1993, amma aidin yana gushewa idan aka bar gishiri a buɗe cikin rana ko danshi, abin da ya kamata masu saye a kasuwannin Sabon Gari da Tudun Wada na Zariya su kula da shi. Rogon da ba a jiƙa shi sosai ba yana ƙara tsananta ƙarancin.

Ana maganin raunin tayirod da ƙwayar levothyroxine kullum da safe kafin karin kumallo, kuma ga tsoho ko mai ciwon zuciya akan fara da kaɗan ne a ƙara a hankali. Yawan aikinsa kuma ana rage shi da ƙwayar carbimazole, ko aidin mai fitar da tururin nukiliya (radioactive iodine), ko tiyata, tare da ƙwayar propranolol don lafar da bugun zuciya. A Zariya, masu irin wannan lalura sukan ga ƙwararrun likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda ake bibiyar TSH lokaci-lokaci don daidaita yawan maganin.