Waiwaye: Yadda malamin Ingilishi ya zama baƙo a arewacin Kamaru

A duk farkon watan Fabrairu, idan makarantun Kamaru suka shiga makon bikin harsuna biyu, wato Faransanci da Ingilishi, muhawara ɗaya ce take dawowa a majalisun Garwa da Marwa da Ngaundere, har da shafukan Facebook na matasan yankin: me ya sa yaro zai shafe shekara bakwai a sakandare ana koya masa Ingilishi, amma ya fito bai iya rubuta takardar neman aiki da shi ba? Amsar da aka fi ji ita ce, tun da 'yan sa-kai na ƙasashen waje suka tattara nasu ya nasu suka bar yankin, darasin ya shiga garari. Masu faɗar haka suna tuna abin da ya faru da gaske, sai dai matsalar ta girmi tafiyar baƙin da fiye da shekara hamsin.

Farkon labarin sananne ne. Jamus ta mallaki ƙasar daga 1884, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya Faransa da Ingila suka raba ta, ɓangaren Faransa ya sami 'yanci a ranar 1 ga Janairun 1960, sannan a watan Oktoban 1961 aka kafa tarayya mai harsunan hukuma biyu. Shekara guda bayan haka, a 1962, rukunin farko na 'yan sa-kai na Peace Corps ya iso daga Amurka, kuma a hankali aikinsu ya kai arewa.

Tsarin zamansu ne ya sa har yau ake tuna su. Ɗan sa-kai yakan yi kusan wata uku na horo a gidan masu masauki, yana cin abin da suke ci, yana koyon gaisuwa da Faransanci ko Fulatanci, kafin a tura shi makarantar da zai koyar na shekara biyu, inda sau da yawa wani gidan ne zai sake riƙe shi kamar ɗa. Uwar gida ta san ranar da zazzaɓi ya kama shi, yaran gida kuma suna samun darasin dare kyauta a kan tabarma. Idan wa'adi ya cika, a yi walimar ban kwana, a ɗinka masa riga, a raka shi tasha ya kama hanyar Ngaundere, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Yawunde. Ba a raina wannan zumunci, domin akwai gidajen da har yanzu suke gaisawa da baƙinsu ta waya. Amma ajin da ya bari yakan koma jiran wani baƙon, kuma ba ko yaushe ake samun mai maye gurbinsa ba. Abin tambaya shi ne dalilin da ya sa tun farko yankin da ke maƙwabtaka da Najeriya daga Tafkin Chadi har zuwa tsaunukan Adamawa ya dogara da mutumin da ya ƙetaro teku don ya koyar da harshen da ake karatu da shi a Mubi.

Amsar tana cikin wani ɓangare na zaɓen raba gardama na watan Fabrairun 1961 wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, wato zaɓen da aka ba mutanen ɓangaren Ingila tsakanin shiga Najeriya ko Kamaru. Idan ana ba da tarihin wannan zaɓe, hankali yakan tafi kudu, wato yankin Buya da Bamenda da ya zaɓi haɗewa da Kamaru. Amma yankin da Ingila ta riƙe amana kashi biyu ne, kuma kashin arewa, wanda ya haɗa da Dikwa da Bama da Gwoza da Mubi da Ganye, shi ma ya kaɗa tasa ƙuri'ar. A 1959 mutanen wannan yanki sun zaɓi a jinkirta yanke hukunci, sannan a 1961 kusan kashi 60 cikin 100 suka zaɓi Najeriya. A ranar 1 ga Yunin wannan shekara yankin ya shiga Najeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan batun.

Mutanen da suka kaɗa ƙuri'ar suna da dalilansu, domin shekaru da dama ana gudanar da mulkinsu tare da lardunan Barno da Adamawa, kuma ba a nan za a sake yi musu shari'a ba. Abin lura shi ne abin da sakamakon ya jawo wa makarantun arewacin Kamaru. Da yankin ya faɗo cikin Kamaru, da ƙasar ta sami 'yan ƙasa masu karatun Ingilishi waɗanda suke jin Hausa da Fulatanci da Kanuri, suke da dangi a Mokolo da Gidar da Garwa, suka saba da zafin watan Afrilu da tuwon dawa. Gaskiya ne makarantun boko a can ba su da yawa a wancan lokaci, saboda haka ba malamai birjik aka rasa a dare ɗaya ba. Abin da aka rasa shi ne tushen da zai riƙa fitar da su shekara bayan shekara. Yau Mubi tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar jiha, amma wanda ya kammala a can ɗan wata ƙasa ce, takardarsa sai an tantance ta, kuma aikin gwamnati na 'yan ƙasa ne. Ɗan kasuwa yakan ƙetare daga Banki zuwa Amchide ko daga Gamboru zuwa Fotokol da kayansa, amma malami ba ya ƙetarewa da allinsa cikin wannan sauƙi.

Tun daga nan Ingilishin Kamaru ya zama na kudu maso yamma da arewa maso yamma kaɗai, kuma duk wanda zai kawo shi arewa sai ya yi doguwar tafiya. Malamin da aka turo daga Bamenda ɗan ƙasa ne, amma a Kusiri shi ma baƙo ne: ba ya jin harshen kasuwa, iyalinsa suna nesa, kuma ba abin mamaki ba ne idan ya fara neman canjin wurin aiki tun bai gama zama ba. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan faɗuwar farashin mai da koko da kofi a tsakiyar shekarun 1980, da rage albashi a 1993, da karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sun ƙara sa zama nesa da gida ya yi wa malami tsada. Kundin tsarin mulki na 1996 da dokar ilimi ta 1998 sun jaddada matsayin harsunan biyu, amma nisan da ke tsakanin Buya da Marwa bai ragu ba.

Saboda haka lokacin da aka sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Dabanga a Fabrairun 2013, aka kuma janye 'yan sa-kai daga Arewa Mai Nisa, giɓin da suke rufewa ne ya fito fili. Annobar korona ta sa an kwashe ragowar daga duk faɗin duniya a watan Maris na 2020. A shekarar 2013 ce kuma aka buɗe sansanin Minawao kusa da Mokolo, inda 'yan gudun hijira, da yawansu daga Gwoza da Bama, suke karatu da Ingilishi, wato jikokin waɗanda suka kaɗa ƙuri'ar 1961. Jami'ar Marwa da babbar makarantarta ta horon malamai, waɗanda aka kafa a 2008, su ne suka fara ba ɗan yankin damar zama malamin Ingilishi ba tare da ya tafi Yawunde ko Bambili ba, ko da yake wanda ya kammala ana iya tura shi kowane yanki na ƙasar.