Masu tambayata zaman Yawuri, ga amsarku gaba ɗaya

Tun da na dawo Birnin Kebbi daga Yelwa, babban garin Yawuri, inda na yi wata biyu daga ni sai 'yar jakar goyo, wayata ba ta huta ba. Tambayoyin kuma su ke nan, kullum su ake maimaitawa. Wanda ya sake kirana wannan zan tura masa.

Akwai teku a Yawuri?

Babu. Kogin Kwara ne, daidai inda ya fara buɗewa ya zama tafkin Kainji. Mai son ruwan gishiri ya nufi Legas.

Ta ina ake bi?

Kalgo, Jega, Koko, Yelwa. Ka yi sammako, kada dare ya yi maka a hanya.

Kwana nawa ya isa?

Ya isa me? In hoto kake so ka ɗora a Facebook, yini ɗaya ya yi maka yawa. In zama kake so, sai ranar da mai shayi ya daina tambayarka sukari cokali nawa. Ni sai da na yi kwana 12.

Ban san kowa a garin ba. Ina zan sauka, kuma ba za a ɗauke ni infoma ba?

Yauwa, wannan ce tambaya. Amsarta kuma ba ɗaya ba ce, ta danganta da kai da lokacin da ka je.

Ka fara sanin cewa mutanen yankin ba su manta da watan Yunin 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka kwashi ɗalibai a makarantar Birnin Yawuri. Saurayi baƙo da jaka a baya, ba ya saye ba ya sayarwa, sai kallo da ɗaukar hoto, dole a sa masa ido. Kada ka ji haushi. Kai ma haka za ka yi a unguwarku.

Abin da ni na yi: na kwana biyu a masaukin kuɗi, na riƙa salla a masallaci ɗaya, sannan na roƙi wani dattijo ya kai ni gun mai unguwa. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni daga Birnin Kebbi, ga katin shaidata, ga lambar yayana." Ya juya katin ya ce, "To yaro, sana'ar me?" A nan kusan kowa ke tuntuɓe. Kada ka ce yawon buɗe ido kawai ka yi shiru, ba kowa zai gamsu ba. Faɗi aikinka na gida, faɗi unguwarku, faɗi ranar komawarka ko da daga baya za ka ƙara. Shi ya haɗa ni da mai ɗakin da na kama haya.

Ban ce kowa zai dace haka ba. Wani mai unguwar zai ce ka fara zuwa wajen 'yan sanda, to ka je, ba wulaƙanci ba ne. In an samu tashin hankali kwana kusa, wataƙila a ƙi ka ɗungurungum, sai ka haƙura ka zauna a masaukin kuɗi ko ka juya. Cikin Yelwa daban, ƙauyukan tsallake daban. Can ban ba ka shawarar kwana ba sai da ɗan gari wanda aka sani. Mace kuwa, a ganina ta samu gidan da za ta sauka tun kafin ta taso, ko ta hanyar ƙawa ko dangin dangi. Kuma ko an karɓe ka, wayarka ta zauna a aljihu satin farko. Ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum.

Me zan sa a jaka?

Gidan sauro, tocila, silifas, kaya kala uku, tsabar kuɗi. Da hunturu ƙara rigar sanyi. Bar akwati a gida.

Zan iya shiga jirgi in tsallaka?

Za ka iya, amma ka ji ni da kyau. A watan Mayun 2021 jirgin da ya nufi garin Warra da ke bakin tafkin ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse, kaɗan suka tsira. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye gonaki da garuruwa, kututturan itatuwa na nan a ƙasa suna jiran jirgi. In ka ga an loda babura da buhunan albasa har bakin jirgi na sumbatar ruwa, sauka, ko ka riga ka biya. Ba dare, ba hadari a sama, in akwai rigar ruwa ka sa. Masu cewa "ai kwana ne in ya ƙare", ku ne kuka fi ba ni haushi.

Wanka fa?

Tsargiya. Dorina. Ka yi a bokiti.

Ba gara in jira bikin kamun kifi na Argungu ba?

Je ka, biki ne babba, tun 1934 ake yin sa. Amma 'yan kwanaki ne na cunkoso da tsadar masauki. Ba shi nake magana ba.

To wai me kake yi duk yini?

Surukata ma ta tambaya. Da asuba ina gangarawa bakin ruwa in ga Sarkawa masunta na sauke kamu: tarwaɗa, ƙarfasa, ƙurungu, ran sa'a giwan ruwa. Da hantsi in zauna gun masu ɗinkin koma, ina riƙe musu zare. A wurinsu na ji cewa kogin nan sau biyu yake kawo ruwa: na damina mai laka, da wani garai-garai da ke isowa cikin hunturu daga can wajen Mali, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Wani tsoho Bagunge, wato ɗan ƙabilar Gungawa mutanen tsibiran kogin, ya nuna min da sandarsa inda tsibirinsu yake kafin ruwa ya ci shi, ya ce yana yaro aka kwashe su. Na duba na duba, ruwa ne kawai. Sai ya ce in dawo gobe da goro, zai faɗa min sunan garin.